Tuwon Gida da Tuwon Zango: Abin da Girkin Teksas da na Meziko Ke Nuna Mana Game da Abincin Hausawa

Tsakure

Wannan takarda ta ɗauko wata tsohuwar gardama ta masana abinci a nahiyar Amurka, wato bambancin girkin ƙasar Meziko da girkin da ake sayarwa da sunan Meziko a jihohin kudu maso yammacin Amurka, ta auna ta da abin da ya sami abincin Hausawa bayan ya bi fatake zuwa Gwanja, Kumasi, Akra, Legas da Sudan. An ɗauki tukunyar Achika, a Ƙaramar Hukumar Wudil, a matsayin ma'auni na gida. Ikirarin takardar shi ne, girkin al'umma ba ya ƙetare iyaka gaba ɗayansa. Abincin talla da na bakin kasuwa ne ke yin gaba, shi kuwa harshen mai saye yake bi. Abin da ake tararwa a can reshe ne mai cin gashin kansa, kuma kalmar "gurɓata" ba ta iya bayaninsa.

1.0 Gabatarwa

Shekarun baya wani ɗan'uwanmu haifaffen zangon Kumasi ya zo ganin dangin kakansa a Achika. Da rana aka kawo masa shinkafa da wake, an zuba man gyaɗa da yaji, ga yankan albasa da tumatir a gefe. Ya zauna yana kallon kwanon, bai sa hannu ba. Matar gidan, wadda a shekaru ta haife shi, ta ma yi jika da shi, ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, ko ba ka cin wake ne?" Ya ce, "Ina ci, Inna, sauran kayan nake jira." Ta ce, "Wane kaya kuma? Ai garau-garau ke nan."

Abin da yake jira taliya ce, da garin rogo, da dafaffen ƙwai, da ganda, da baƙar miyar barkono da Ganawa ke kira shito. A wurinsa wannan tarin shi ne abincin Hausawa, domin da sunan Hausa ya tashi ya ji ana kiransa, kuma a hannun matan zango ake sayensa. A wurin tsohuwar kuwa, wannan haɗi bai taɓa shiga tukunyarta ba. Kowannensu gaskiya ya faɗa. Tun daga ranar tambayar ke cin raina: yaya abinci ke riƙe sunansa alhali ya sauya kama, kuma wa ke da hurumin cewa wannan na asali ne, wancan jabu?

Mun yi ƙarancin rubutu a kan wannan a nazarin al'adun Hausawa. Mukan lissafa tuwo da miya da fura a babin "abincin gargajiya", mu wuce. Amma akwai inda aka daɗe ana tafka wannan muhawara da hujjoji, wato kan iyakar Meziko da Amurka. Daga can zan fara, in dawo gida.

2.0 Girkin Meziko da 'ya'yansa na ƙetaren iyaka

Ginshiƙin girkin Meziko abu uku ne: masara, wake da barkono, sai kabewa da tumatir a bayansu. A kudancin ƙasar aka fara noman masara, kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Abin da ya fi jan hankalin mai nazari shi ne yadda suke sarrafa ta. Sukan dafa ƙwayar a ruwan toka ko ruwan farar ƙasar da ake samu daga ƙona dutse, su bar ta ta kwana, su wanke, su markaɗa da danshinta. Ƙullun da ya fito suna kiransa masa (kada kamannin sunan ya ruɗe mu da masarmu ta tanda, abubuwa biyu ne daban), da shi ake yin totiya, wani fallen gurasa marar kauri da ake gasawa a kasko, wanda shi ne tuwonsu kuma shi ne cokalinsu. Wannan dahuwa da toka tana sakin sinadarin niyasin da ke ɗaure a cikin masara. Inda aka ɗauki masarar aka bar dabarar, kamar kudancin ƙasar Amurka a farkon ƙarni na 20, talakawan da suka dogara da ita sun sha fama da cutar felagara, wadda likita Joseph Goldberger ya fara bin diddiginta a 1914 har ya nuna daga abinci take.

Bayan Sifaniyawa sun ci birnin Tenochtitlan a 1521 suka shigo da shanu, alkama, shinkafa da cuku. Ƙasar ba ta karɓe su bai-ɗaya ba. Kudu, irin su Oaxaca, ta riƙe masara da miyar mole mai haɗa barkono iri-iri da riɗi da kayan ƙamshi, wadda kan ci wuni ana haɗa ta. Arewa mai fari da filin kiwo, irin su Sonora, ta karkata ga naman shanu da totiyar alkama. Ashe tun a cikin gida babu girki guda ɗaya da za a nuna a ce shi ne na Meziko. Ko da hukumar UNESCO ta sa girkin ƙasar cikin kayan gadon duniya a 2010, da misalin jihar Michoacán ta kafa hujja.

Teksas ta ɓalle daga Meziko a 1836, Amurka ta haɗiye ta a 1845, sannan yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848 ta raba Meziko da kusan rabin ƙasarta. Mutanen da ke zaune a San Antonio da Santa Fe ba su yi ƙaura ba, suna kan tabarmarsu iyaka ta tsallake su. Girkin mutanen San Antonio na makiyayan arewa ne, nama da barkono, kuma shi ne ya zama tushen abin da daga baya aka kira Tex-Mex, sunan da aka fara laƙaba wa wani layin dogo da aka kafa a 1875.

A nan mai saye ya shigo. Tun shekarun 1880 wasu mata 'yan asalin Meziko ke kafa tebura da fitilu a dandalin San Antonio da dare, suna sayar da farfesun nama da barkono, wato chili con carne, ga sojoji da makiyaya da baƙi 'yan yawon buɗe ido, har hukumomin lafiya suka tashe su a ƙarshen shekarun 1930. Su ne 'yan tuwo-tuwon garin. A shekarun 1890 wani Bajamushe mazaunin New Braunfels, William Gebhardt, ya niƙa busasshen barkono da kayan ƙamshi ya zuba a kwalba, ta yadda matar da ba ta taɓa ganin gonar barkono ba za ta iya girkin a kowane wata na shekara. Da wannan gari ɗanɗano ya tsaya wuri guda. Inda mai girkin Oaxaca ke bambanta barkono kala-kala, kowanne da aikinsa, kwalbar ta mai da su abu ɗaya, ta kuma cika shi da ƙamshin da Larabawa ke kira kammun, wanda tsakiyar Meziko ba ta cika yawaita shi ba. Sai rawayan cuku na masana'anta ya maye gurbin farin cuku ɗanye, niƙaƙƙen naman shanu ya zama abin cusawa a komai, aka kuma ƙirƙiro faranti guda mai ɗauke da shinkafa da wake da totiya an lulluɓe su da romo da narkakken cuku. A 1977 majalisar Teksas ta ayyana chili a matsayin abincin jiha.

Wasu abubuwan ma a kan iyakar aka haife su saboda baƙo. A farkon shekarun 1940, a garin Piedras Negras da ke ɓangaren Meziko, Ignacio Anaya ya soya gutsattsarin totiya ya narka musu cuku don wasu matan sojojin Amurka da suka tsallako, abin ya ɗauki laƙabinsa, nachos. Glen Bell ya buɗe Taco Bell a Kalifoniya a 1962 da totiya soyayya mai ƙaras-ƙaras wadda za a iya ajiyewa a jera kamar kwanuka. Kamfanin ya gwada shiga Meziko a 1992, ya sake gwadawa a Monterrey a 2007, duk biyun ya naɗe tabarmarsa. An kai wa mai gona ragowar hatsinsa, ya ce bai san shi ba.

Kada a ɗauka duk yankin Amurka haka yake. Jihar New Mexico ta gina nata girkin a kan barkonon kwarin Hatch, ɗanye ko ja, da shuɗiyar masarar ƙabilun Pueblo, kuma mutanenta ba sa yarda a haɗa su da Teksas. Kalifoniya ta kumbura burrito, wato naɗaɗɗiyar totiya, ta cusa masa shinkafa da wake da fiya har ya kai damtsen yaro.

Wadda ta ja layi tsakanin waɗannan da girkin Meziko ita ce Diana Kennedy, Baturiyar Ingila, a littafinta The Cuisines of Mexico na 1972. Ta yi aiki mai kyau na tattara girkin ƙauyuka, amma ta yi wa abincin ƙetaren iyaka kallon jabu. Marubutan baya, irin su Robb Walsh a 2004, da Jeffrey Pilcher da Gustavo Arellano a 2012, sun mai da martani cewa girkin Teksas na mutanen Teksas ne 'yan asalin Meziko, yana da tarihinsa, ba kwafin da ya lalace ba ne. Ni ma nan na tsaya, kuma da wannan idon zan dubi namu.

3.0 Tukunyar Achika

Achika mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Wudil, ƙasar noman dawa da gero da wake da gyaɗa. Abincin dare a gidan manomi har yanzu tuwo ne, kuma duk wanda bai zauna ya kalli yadda ake yin sa ba ba zai gane dalilin da ya sa ba ya tafiya nesa ba.

Aikin tun hantsi yake farawa. A ɗebo dawa a yayyafa mata ruwa a surfa a turmi, a bakace dusa a ajiye wa awaki, a wanke, a shanya ta sha iska, yarinya ta kai inji. In gari ya dawo a tankaɗe, a ware tsaki. Da la'asar sakaliya a ɗora tukunya, ruwa ya tafasa a yi talge, a rufe ya nuna har ya fara tsalle yana fesa zafi. Sannan matar ta gyara zama, ta danne tukunya, ta riƙa barbaɗa gari da hannu ɗaya tana tuƙi da muciya, ba ta tsayawa sai gudaji sun mutu. A rufe ya turara. A tsoma mara a ruwa a kwashe malmala-malmala, ta maigida daban, ta yara daban, ta maƙwabciyar da ta haihu daban. Miya kuwa ruwa ne da daddawa da barkono da albasa da aka daka tare, in da hali a jefa ƙashi ko busasshen kifi, a barbaɗa kuka ana kaɗawa da maburgi don kada ta yi ƙulalai, a ƙarshe a ɗiga man shanu. Abin da ya kwana shi ne ɗumamen safe, wanda da yawa daga cikinmu za su rantse ya fi na daren daɗi.

Wannan abinci yana buƙatar turmi, da hannu fiye da ɗaya, da wuni guda, da kuma bakin da ya saba da warin daddawa da santsin kuka tun yana goye. Baƙo ba ya sha'awar miyar kuka da gani. Launinta ba ya kira. Irinta ɗaya da mole ta Oaxaca ta wannan fuska: abincin gida ne mai cin lokaci, wanda sai an koya wa harshe shi.

Ranar Juma'a kuwa, in mutumin Achika ya shiga kasuwar Wudil, wani abincin daban yake tararwa. Ga mai tsire ya kewaye wuta da tsinkaye, ga balangu a kan waya, ga soyayyen kifin kogin Wudil, ga mai ƙosai da mai waina, ga 'yan mata Fulani da ƙwaryar fura da nono, ga mai shinkafa da wake. Kasuwar shanun Wudil tana tara mutane daga nesa, har da dillalan kudu, kuma duk wannan abinci an yi shi ne don wanda ba ya gida: a tsaye ake ci, a naɗe a takarda, a biya a wuce. Bambancin da ke tsakanin tukunyar daren Achika da bakin kasuwar Wudil, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, shi ne bambancin da za mu sake gani tsakanin Kano da Akra. Na biyun ne ya ɗauki sanda ya bi ayari.

4.0 Girkin zango

Fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja tsoho ne. Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun ƙarni na 15, kuma Mahdi Adamu a 1978 da Paul Lovejoy a 1980 sun yi bayanin yadda ayari ke tafiya da yadda zanguna suka kafu. Salaga ce babbar mahaɗa, har Turawan Ingila suka karya Asante a 1874, yaƙin basasar 1892 kuma ya tarwatsa 'yan kasuwarta zuwa Kete Krachi, Kumasi da bakin teku. Ga kuma sojojin Hausa da Baturen Ingila Glover ya fara ɗauka a Legas a 1863, waɗanda aka kai yaƙin Asante, Hausa ta zama harshen bariki. Fatake da sojoji galibi maza ne ba tare da iyali ba. Ciyar da su ya zama sana'a. Abner Cohen, a nazarinsa na unguwar Sabo ta Ibadan na 1969, ya nuna yadda maigida ke sauke baƙon ɗan kasuwa ya ba shi masauki da abinci, wato tukunyar zango tun farko ta baƙo ce.

Mu koma kan kwanon ɗan'uwanmu. Abin da Ganawa ke rubutawa waakye, waken nan namu ne, an yanke "shinkafa da" an bar wutsiyar. Amma ana dafa shi da karan dafi, wanda a Kano mun fi saninsa a hannun masu rinin fata da masu maganin ƙarin jini, shi ke ba shinkafar launin ja mai duhu. Shito kalmar mutanen Ga ce ta bakin teku, miya ce ta barkono da busasshen kifi da jatan lande da aka soya har ta yi baƙi. Garin rogo na kudu ne. Taliyar kuwa ta kanti ce, amma ta riƙe sunanta na Hausa. Kowane mai saye ya zo da abin da bakinsa ya sani, mai talla ta ƙara masa a gefe, har gefen ya rinjayi tsakiya. Farantin Teksas mai shinkafa da wake da cuku ta wannan hanyar ya taru.

Tuo zaafi ya fi wannan sarƙaƙiya. Sunan Hausa ne tsantsa, tuwo mai zafi, amma Dagombawa da Dagarawa da sauran mutanen arewacin Gana suna da tuwonsu da sunayensa a harsunansu tun kafin zango. Hausa, da yake ita ce harshen kasuwa, ta ba shi sunan da ya shiga kudu da shi. A Akra da garin masara ake tuƙa shi a haɗa da garin rogo, ya fito da laushi da danƙo yadda mai cin fufu zai karɓe shi, a zuba masa miyar ayoyo mai yauƙi da jar miya a kwano guda. Tsohuwar Achika za ta ce wannan talge ne bai gama zama tuwo ba. A nan sunan ne namu, jikin na tarayya ne, kuma ya kamata mu yi hattara da saurin cewa "namu ne aka ɗauka".

Koko shi ya fi kowa riƙe kamanninsa, har Ganawa suna kiransa Hausa koko don bambanta shi da na masara: gero ne, da citta da kanumfari da barkono, abokin tafiyarsa ƙosai. Sai dai an ƙara masa soyayyar gyaɗa da madarar gwangwani. Funkaso kuwa ya yi nisa da gida. A birnin Kano na alkama ne, da miyar taushe ake cin sa, abincin ganin girma. A zangunan Gana pinkaso fulawa ce da albasa da barkono, a soya a barbaɗa sukari a sha da koko da safe.

Sai nama, wanda shi ne jakadanmu mafi nisan zango. Bahaushe yana da tsire, balangu, kilishi, dambun nama, kowanne da wuƙarsa da wutarsa. Tsire a tsinke yake, an shafe shi da garin ƙuli-ƙuli, a gefen wuta ake jera shi yana nuna da hucinta. Balangu a kan waya ake gasa shi gunduwa-gunduwa. Suya a Hausa aikin mai ne da kasko, kuma ba tsire ba balangu babu wanda ake soyawa. Duk da haka da wannan suna Legas ta haɗe su duka, ta ƙara kabeji da tumatir, ta mai da shi abin dare, daga can ya wuce Landan, har kalmar ta shiga ƙamus ɗin Oxford. A Kamaru soya ne, a Gana kyinkyinga. A Sudan, inda Hausawa da Fulani suka zauna a hanyar hajji, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903 da kafuwar garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, ana kiransa agashe, kuma duk mai jin Hausa ya ji "a gashe" a ciki. Yajin tsire da ake ɗurawa a roba yanzu ana kaiwa Turai shi ne kwalbar Gebhardt tamu: kowane mahauci yana da sirrin haɗinsa, roba kuwa ɗanɗano ɗaya ta sani.

5.0 Inda kwatancen ya tsaya, da maganar asali

Ba zan ja kwatancen ya wuce ƙarfinsa ba. Mutanen zango su suka taka zuwa inda suke, na San Antonio iyaka ce ta same su. In ana neman irin wannan a wurinmu, sai a dubi Katsina da Maraɗi, ko Daura da Damagaram, waɗanda yarjejeniyoyin Ingila da Faransa tsakanin 1898 da 1906 suka raba. Can ma an sami 'yan bambance-bambance, dogon burodin Faransa a teburin mai shayi, da fifikon gero har kalmar hatsi ta zama sunansa, amma tukunya ba ta rabu ba, domin mai girki da mai ci duk Hausawa ne a ɓangarorin biyu. Wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa cewa layin taswira shi kaɗai ba ya sauya miya. Sai baƙon baki ya zauna a gaban kwano. Bambanci na biyu shi ne masana'anta. Girkin Teksas ya bi ta gwangwani da kamfanoni masu dubban rassa, namu har yanzu daga hannu zuwa hannu yake tafiya, shi ya sa waken unguwar Nima ta Akra da na Kumasi ba su zama abu ɗaya ba.

Saura maganar asali, wadda ita ce sandar da ake dukan girkin zango da ita. Mu leƙa tukunyar Achika da kyau. Barkonon da ke cikin miyar kukar daga nahiyar Amurka ya zo, haka attaruhu da tattasai da tumatir. Kabewar miyar taushe daga can take. Gyaɗar da ake yin ƙuli-ƙulin tsire da ita ta nahiyar Kudancin Amurka ce, rogo ma haka. Masara, wadda tuwonta ke neman ture na dawa a gidaje da yawa, 'yar Meziko ce, kuma sunanta yana nuna ta hanyar Masar kakanninmu suka ɗauka ta iso. Kafin waɗannan, zafin miyarmu daga masoro da kimba da citta yake fitowa. Mun karɓi masarar ba tare da dahuwar toka ba, muka bi da ita ta hanyar dawa, surfe da niƙa da tuƙi. In mutumin Oaxaca ya ga tuwon masara zai iya cewa mun lalata masa hatsi, kamar yadda muke cewa Akra ta lalata mana wake. Gurasa da alkubus da alkaki da birnin Kano ke taƙama da su, ta hannun Larabawan da suka zauna a irin su Dandalin Turawa suka shigo. Shawarmar da Kwarori suka kawo mana ita ce kuma 'yan Labanan suka kai Puebla, ta rikiɗe ta zama tacos al pastor, wanda yau ba wanda ke musun cewa na Meziko ne.

Hanyar ma ba ɗaya ba ce. Zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano ana loda shi zuwa Meziko, wadda ke cikin manyan masu sayensa, su jiƙa shi su sa sukari su sha da sanyi da sunan agua de jamaica. Tsamiya ma abin shansu ce. Manomin da ya kai buhun zoɓo kasuwar Maigatari yana cikin girkin Meziko bai sani ba.

Don haka shawarata ga masu nazarin al'ada ita ce mu daina rubuta "abincin Hausawa" kamar kwano ɗaya ne. Akwai girkin karkara irin na Achika, akwai na birni mai alkama, akwai na bakin kasuwa, akwai kuma na zango, wanda ya cancanci babinsa da sunayen unguwanninsa da garuruwansa, Nima da Sabon Zango da Sabon Ibadan da Mai Wurno. A kowane kwano a tambayi hatsin da aka samu a wurin, a tambayi wadda ta dafa, sannan a tambayi wanda ya miƙa kuɗi, domin amsar ta ukun ce ta fi yawan bayyana abin da aka ƙara da abin da aka rage. Aikin yana da gaggawa ta wani ɓangaren, saboda girkin zango ya fara dawowa gida. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil da makarantar horar da 'yan sanda suna kawo ɗalibai daga kowane sashe na Nijeriya, kuma da yamma za ka ga ɗayansu ya tsaya gaban mai nama a bakin titi ya ce a ba shi suya. Mahaucin ba ya gyara masa. Yakan nuna tsinke da wuƙa, ya nuna waya, ya ce, "Wanne, ɗan makaranta?" sannan ya jawo kabejin da ya fara ajiyewa saboda irinsu.